Filin Amsoshinku: Hawan Dutse Cikin Dusar Ƙanƙara

Assalamu alaikum. Tun da aka buga hotona a fitowar da ta gabata, ina tsaye a ƙololuwar dutsen Tubkal gemu duk ya daskare, wasiƙunku ba su yanke ba. Rabinsu tambaya ɗaya ce: "Malam, me ya kai ka?" Wata baiwar Allah daga Gusau ma addu'a kawai ta aiko, wai Allah ya shirye ni. Na ce amin. Ga waɗanda na tsamo daga sauran, na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikacin banki ne, shekarata 29. Mu biyar muka ga tallan wani kamfani mai kai mutane hawan Tubkal a Maroko cikin Janairu. Ina buga ƙwallo duk Asabar, ina hawa Dala da gudu ban tsaya ba, amma ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Irina zai iya? Kuma yaya tafiyar take? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Irinka zai iya, ƙanena, amma ba ƙwallo ko gudun Dala ne za su kai ka ba. Gudun nan minti nawa ne? A can ƙafar da ake nema ita ce wadda za ta yi awa shida tana taku a hankali da jaka a baya, ta kwana a gajiye, ta tashi ta yi wasu bakwai ko takwas. Daga yau ka ƙara doguwar tafiyar ƙafa, ka riƙa hawa da sauka a benen ofis ɗinku da jaka mai kilo bakwai ko takwas. Kada ka raina saukar, ita ke kashe gwiwa.

Tubkal mita 4,167 ne, babu dutsen da ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, ka ga ɗakin da za ku kwana a Tubkal kafin ranar hawa ma ya ɗara shi da kusan mita 800. Marakesh kuwa, inda za ku taso, tsayinta daga teku kusan ɗaya ne da na Kano, bai kai mita 500 ba.

Daga Marakesh mota za ta kai ku Imlil cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ƙauyen Barbar ne, mutanen asalin yankin, a cikin kwari, wajen mita 1,800, gonakin tuffa hawa-hawa a jikin dutse, shaguna jere suna ba da kayan hawa haya. Daga nan sai ƙafa. Alfadarai ke ɗaukar manyan jakunkuna har inda ƙanƙara ta fara, daga nan alfadari ba ya ƙara taku ɗaya, sai 'yan dako su goya kayan. A tsakiyar hanya akwai Sidi Shamharush, wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti. Mutanen yankin na cewa fadar sarkin aljannu ce, ana kawo marasa lafiya, ana yanka. Ni dai ruwan lemon zaƙi na sha a rumfar da ke gefe na yi gaba. Da la'asar za ku isa masauki, wajen mita 3,200: ginin dutse, gadaje masu hawa biyu, murhu a zaure kowa ya shanya safarsa. Warin wurin sai wanda ya ji.

In jagoranku ya san aikinsa, kafin magariba zai fito da ku bayan masaukin ya koya muku abu biyu. Na farko kirampon, ƙarfe mai haƙora goma ko goma sha biyu da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. Tafiya da shi sai ka ɗan ware ƙafafu, in ba haka ba haƙoran dama su kama wandon hagu ka kife. A gangare kuma ba ka takawa da gefen ƙafa yadda ka saba, sai ka dasa tafin gaba ɗaya don haƙoran su ciji ƙanƙarar. Na biyu gatarin ƙanƙara, mai doguwar ƙota da kai mai tsini, wanda kullum yake hannun da ke ta ɓangaren tudu. Za a sa ka kwanta a gangaren da ba shi da haɗari ka sulale da gangan, ka juya rub da ciki, ka danna tsinin cikin ƙanƙara da nauyin ƙirjinka, ka ɗaga ƙafafu sama. Ɗaga ƙafar nan ita kowa ke mantawa, don zuciya cewa take ka ja birki da ƙafa. In haƙoran suka kama kana cikin gudu, ko idon sawu ya karye ko ka wuntsila. Ku yi ta maimaitawa har jiki ya riƙa yi da kansa.

Ranar hawa tun kafin assalatu ake tashi. Burodi, shayi, fitila a goshi, a fita. Gangaren farko da ke saman masaukin yana cikin mafiya wuya, kuma cikin duhu ake hawansa. Ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka, ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras ɗin ƙarfe da hakinka. Sanyin kuwa ga lissafinsa: duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. In Marakesh ta wayi gari da digiri 8, ƙololuwa na wajen 16 ƙasa da sifiri, tun ba a sa bugun iska ba. Gorar ruwanka in ba a cikin riga ka sa ta ba daskarewa za ta yi, batirin waya kuma ya mutu kana kallo. Bayan kamar awa uku za ku fito wata mashiga tsakanin duwatsu, kusa da mita 4,000, inda iska ke dukan mutum ba shamaki. Daga nan a bi doron dutsen. Akwai wani siririn wuri da za ku ratsa, rami a gefe, nan hira take ɗaukewa. A sama za ka tarar da wani ƙarfe mai siffar dala, kudu kuma duwatsu na ta raguwa har su ɓace cikin hazo ta wajen Sahara. Minti goma sha biyar sun ishe ka. Ka rage ƙarfi a jikinka, don an fi faɗuwa a saukowa, lokacin da ƙafa ta mutu, rana kuma ta sassauta dusar tana maƙalewa dunƙule-dunƙule a ƙasan takalmi.

Roƙona ɗaya: tallan da ya ce kwana biyu kacal daga Marakesh a koma Marakesh, ku bar wa waɗanda suka saba. Ku nemi mai kwana a Imlil da ƙarin yini guda a masauki. Dalilin yana cikin amsar Hajiya a ƙasa.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne. Ƙanena da ke karatu a Rabat ya biya kuɗi masu yawa ya bi ayari zuwa dutsen nan naku. Saura kaɗan su kai, jagoran ya ce a juya, wai iska. Ko sisi ba a mayar musu ba. Wannan ba cuta ba ce? Kuma hanya ɗaya ce fa, ga sawun mutane, me zai hana mutum ya tafi shi kaɗai? Daga wani Alhaji a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A wurina, da jagoran nan ya ce a juya, a lokacin ne kuɗin ƙanenka suka halatta gare shi.

Batun tafiya shi kaɗai hukuma ta riga ta rufe. A Disambar 2018 aka kashe wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, 'yar Denmak da 'yar Norwe, a tantinsu kusa da Imlil. Tun daga nan ba a barin baƙo ya hau sai da jagora, jandarmomi kuma na duba fasfo a hanya. A dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ma doka ce. Amma ko babu doka, sawun da kake magana iska na shafe shi cikin mintoci. In hazo ya sauko, sama fari ƙasa fari, tudu da rami duk ɗaya suke a idonka.

Jagora kuwa ba hanya kaɗai yake dubawa ba. Yana duba dusar da ta zuba jiya, ko ta kama wadda ke ƙasanta. Iska kan kwashe ta ta jibge a wani gangare, sama ta yi ɓawo mai tauri, ƙasa kuma gari. Mutum biyar suka taka, sai faifan gaba ɗaya ya zame da su. Yana duba agogo, domin tun a masauki ake yanke lokacin juyowa, in ya cika ba ku kai ba to an gama, ko da kuna hango ƙarfen ƙololuwa. Yana duba mutanensa, wa ya daina magana, wa ya fara harɗewa. Iskar da ƙanenka ya raina kuwa, a kan siririn doron nan tana iya ture ƙato.

Cuta kam akwai ta, amma a wani wurin take: kamfanin da zai tara mutum goma sha biyar ya danƙa wa jagora ɗaya, babu mataimaki, babu ranar ko-ta-kwana. Don haka kafin a biya a yi tambaya, a kuma karɓi amsa a rubuce. Mutum nawa ga jagora guda? Ni a hunturu ba na yarda su wuce biyar ko shida. Akwai wanda zai sauko da wanda ya gaza, ko kuwa mutum ɗaya ya kasa sai kowa ya juyo? In iska ta hana yau, akwai gobe a cikin kuɗin? Jagoran na da katin shaidar hukuma? Sai inshora. Irin wadda ake saya don neman biza sau da yawa ba ta biyan haɗarin da ya auku sama da wani tsayi, ko wanda ya samu mutum da gatarin ƙanƙara a hannu. A karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa.

Ka kuma gaya wa ƙanenka, ayari da ƙafar mai rauni yake tafiya. Ba a rasa wani mai zafin kai a ciki da zai riƙa matsa wa madugu a ƙara sauri. Irinsa na fi tsoro a kan iska, don shi ke sa marasa ƙarfi jin nauyin faɗin sun gaji. In ya sake komawa kada ya manta da hasafin 'yan dako da masu alfadarai. Girgizar ƙasar 8 ga Satumbar 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, a lardin nan nasu na Al Hauz ta fi ɓarna, kuma gidaje da yawa a kwarin da wannan sana'ar suke ci.

Tambaya: Malam, maigidana ya nace sai ya bi abokan aikinsa hawan Kilimanjaro. Shekararsa 47, jininsa AS ne, kuma irin mutanen nan ne da ko zazzaɓi na cinsa in ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Hajiya, abu biyu kika kawo, kuma na biyun ya fi tayar min da hankali.

Mu fara da jini. Kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na 'yan Najeriya AS ne, amma takardar lafiyar da aka ba ni in cike kafin tafiya ko ambaton sikila ba ta yi ba. Mai SS ko SC wannan tafiya ba tasa ba ce, magana ta ƙare. Mai AS yawanci yakan hau ya sauko lafiya, sai dai akwai haɗarin da likitoci suka sani: in oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙishirwa, wasu ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu, da amai. In ya ji haka kada ya ce abinci ne bai karɓe shi ba. Sauka ake yi a nufi asibiti, a gaya wa likita AS ne tun daga ƙofa. Kafin ya biya kuɗi ya ga likitansa, a duba hawan jini da zuciya, ya kuma gaya wa jagoran da bakinsa.

Kilimanjaro mita 5,895 ne. Oksijin ɗin da ke cikin iskar can kashi 21 ɗin nan ne da muka sani, iskar ce ta yi sako-sako, har numfashi ɗaya a ƙololuwa kusan rabin abin da yake kawowa a Legas yake kawowa. Jiki na sabawa, amma sai da kwanaki. Ciwon tsayi kan fara ne sama da mita 2,500, awa shida zuwa goma sha biyu da isa: ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita rai, barci ya gagara. Ba ya duba ƙarfi. Samari majiya ƙarfi ma na kamuwa, sau da yawa don su ne masu sauri. Ƙa'idar likitoci ita ce, sama da mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu. Da wuya ki ga kamfanin da ya cika wannan cif, amma hanyar Lemosho ta kwana takwas ko Machame ta bakwai sun fi Marangu ta kwana biyar nesa ba kusa ba. A Machame akwai ranar da za a hau da su Lava Tower, wajen mita 4,600, a sauko da su Barranco ƙasa da 4,000 su kwana. Da gangan ake wannan, don jiki ya ɗanɗana bisa ya kwana a ƙasa. Akwai kuma maganin Diamox, miligiram 125 safe da yamma, mai taimaka wa jiki ya saba. Yana sa yawan fitsari da ɗan tsikari a yatsu, don haka likita ne zai yanke, balle ga mai AS da ƙishirwa ke wa illa.

In ciwon mai sauƙi ne, a tsaya inda ake, kada a ƙara hawa sai ya lafa. Masu kisa biyu ne. Ruwa ya taru a huhu, mutum na haki ko a zaune, yana tari, har majina mai kumfa da jaja-jaja ta fito. Ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya fara tangaɗi, ya ruɗe, magana ba kan gado. Maganinsu sauka nan take, ko da tsakar dare ne. In kuma akwai zafin jiki, a tuna da maleriyar da ya iya tahowa da ita daga gida. Jagorori kan maƙala wata 'yar na'ura a yatsa don auna oksijin, amma a baƙar fata tana iya nuna adadi sama da gaskiya, yatsa mai sanyi kuma na ruɗa ta. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi ta amfani.

To ga mu a kan "lafiya lau" ɗin maigidanki. Mu da dauriya aka rene mu. Namiji ba ya raki, baƙo ba ya ƙorafi, wanda aka yi wa ya gajiya sai ya ce ba gajiya. A gida tarbiyya ce. A ayarinmu na Tubkal akwai wani ɗan'uwanmu, mutumin kirki, da ya kwana yana amai a ɓoye, da safe ya cusa burodinsa a aljihu don kada a ga bai ci ba. Duk sanda jagora ya tambaye shi, alhamdulillahi. Wajen mita 3,800 gatari ya fara suɓuce masa. Jagoran ya ja layi a kan dusar da ƙotar nasa gatarin, ya ce ya bi layin, diddige na taɓa yatsa. Bai yi taku huɗu ba ya karkace. Mataimaki ya ɗaura masa igiya ya sauko da shi, da ya kai Imlil kuwa ya cinye kwanon tajin, dafaffen nama da kayan lambu na Maroko, shi kaɗai. Amma saukar da mai tangaɗi a wannan gangaren ran mutum biyu ta sa a haɗari, abin da magana ɗaya da daddare za ta hana. Akwai wata Baturiya a ayarin da ko ɗan ciwon kai ta ji sai ta sanar, ta nemi a tsaya ta sha ruwa, wasu na yi mata dariya. Ita kam ta kai sama.

Ki gaya masa jagora ba surukinsa ba ne, ba a jin kunyarsa. In kin san ba zai ji ba, ki nemi ɗaya cikin abokan tafiyar, wanda ba ya jin nauyinsa, ki ɗora masa amanar ya faɗa a madadinsa.

Tambaya: Malam, yaya kuka yi da alwala da salla a irin wannan sanyi? Ga azumi kuma yana faɗowa cikin hunturu a shekarun nan. Daga wani malamin Islamiyya a Sakkwato.

Amsa: Allah gafarta Malam, ai ku ne da littafin. Duk wanda ya karanta Ahalari ya wuce ta inda aka lissafo abubuwan da ake taimama da su: turɓaya, tubali, dutse, ƙanƙara, taɓo. Muna yara muna biyawa muna wucewa, babu wanda ya taɓa ganin ƙanƙarar a ƙasa. Mai littafin, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya ne na ƙarni na 16, ƙasar da dusa ke rufe duwatsunta duk hunturu.

A Maroko ba ka buƙatar yi wa kowa dogon bayani. Jagorori da masu girki da 'yan dako Musulmi ne, Malikawa irinmu. A masauki ka roƙi ruwan ɗumi a kicin ka yi alwala kafin fita, ka goge ƙafa ta bushe sarai kafin ka sa safa, don danshi a ƙafa shi ke buɗe wa sanyi ƙofa. A bisa dutse kada ka cire takalmi, kada ka jiƙa hannu. In alwala ta karye ga dutse nan ko'ina, ka zare safar hannu ka yi taimama ka mayar da sauri. A Janairu alfijir a can sai wajen ƙarfe bakwai agogonsu, rana kuma bayan takwas, don haka asuba a hanya za ta riske ku. Ka gaya wa jagora tun da daddare, shi zai zaɓi wurin da ya daidaita, ba gangaren da sujada za ta zama haɗari ba. Rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa azahar da la'asar kuwa kun fi ni sani.

Azumi a shekarun nan cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa, yana ja baya zuwa Janairu. Iskar bisa busasshiya ce, numfashi kaɗai na zuƙe ruwan jiki, ana son mai hawa ya sha lita uku zuwa huɗu a yini. Mutanen Imlil na hawa da azumi a bakinsu, amma su a nan aka haife su. Matafiyi na da damar ya sha ya rama, sai dai ni ban ga dalilin ajiye azumi don yawon shaƙatawa ba, alhali dutsen na nan bayan salla.

Tambaya: Kawu, ni da yayana za mu je. Kayan sanyin da na gani a intanet sun fi kuɗin jirgi tsada. Gwanjo zai yi? Kuma yaya mace take yi da hijabi da wurin kwana? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Amsa: Zai yi, 'yata. Ki shiga Kasuwar Barci ki tona dila. Riga uku ake jerawa. Ta jikin fata kada ta zama auduga, ki nemi irin ta 'yan wasa ko ta ulu, don auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta zuƙe ɗumin jiki. A kanta suwaita mai laushi, a waje kuma mai tare iska da ruwa. Ki ƙara da wata mai kumburi da za ki zura duk sanda aka tsaya, da safar hannu biyu, siririya da mai kauri. Takalmi da kirampon da gatari haya za ki ɗauka a Imlil. Ki gwada takalmin da safa mai kauri, ki tabbatar yatsunki na motsi, matsattsen takalmi shi ke daskarar da yatsu.

Abin da ba a yi wa rowa shi ne tabarau. Sabuwar dusa na mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, idon da ba a kare ba da daddare zai yi ta raɗaɗi da hawaye, ya ƙi buɗuwa. Baƙar fata ma na ƙonewa a can, musamman leɓe da ƙasan hanci, ki shafa man kariya. A fatarmu kuma ba a saurin ganin launi ya canza in sanyi ya ci yatsa. Alamar ita ce yatsan da ke zugi ya daina, ya mutu. Ki faɗa nan take. A hammata ake sa shi, ko a ruwan ɗumi mai digiri 37 zuwa 39. Ba a murzawa, ba a gasawa a wuta.

Hijabi ba matsala, kowa a can a rufe yake ruf sai ido. Ki sa ƙarami mai shiga kai, hula a kansa. Dogo har ƙasa kuwa haƙoran kirampon za su kama shi, ki bar shi a jaka don masauki da salla, ki hau da wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa. Manyan ɗakunan kwana na haɗaka ne, maza da mata. Akwai ƙanana, amma ba su da yawa, ki sa yayanki ya nema tun wajen biyan kuɗi.

Tambaya: Baba, malaminmu ya ce akwai ƙanƙara a Afirka dab da layin da ya raba duniya biyu. Mu dai a aji mun musa. Daga wani ɗan sakandare a Zangon Kumasi, Gana.

Amsa: Malaminku ya yi gaskiya, ɗana, kuma ba ku kuka fara musun ba. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango Kilimanjaro ya rubuta cewa akwai ƙanƙara a kansa, masana a Landan suka yi shekaru suna ƙaryata shi. Dutsen digiri uku kawai yake kudu da layin, tsayi ne ke kawo sanyin. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwarsa. Dutsen Kenya mai mita 5,199 da duwatsun Ruwenzori da ke tsakanin Uganda da Kwango su ma suna da ita.

Sai dai tana ƙarewa. Tsohuwar ƙanƙarar da ta daɗe a kan Kilimanjaro, fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka auna a 1912 ya tafi, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta ce da alama sauran ba za ta wuce 2050 ba. Dusa za ta ci gaba da zuba tana narkewa, amma masu hawa a yau galibi tsakuwa suke takawa, ganuwar ƙanƙarar na tsaye a gefe. Ka kai wa malaminku shafin nan, ka kuma ba shi haƙuri a madadin 'yan ajinku.